Tayar gwanjo: wa ya ba juji lasisin ɗaukar fasinja?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Maraɗi har Damagaram, ya san baƙaƙen ɓawon roba da ke warwatse a gefen kwalta, wasu a nannaɗe kamar saɓar maciji, wasu da wayoyinsu a tsaye. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, sai su ƙaru. Kowane guntu daga cikinsu shaida ne cewa wata taya ta fashe a ƙarƙashin wata mota tana cikin gudu. Wani direban Allah ya taimake shi ya riƙe sitiyari har ya tsaya. Wani kuwa labarinsa sai a gidan rediyo, a sanarwar rasuwa, a ce haɗarin mota ne, a yi addu'a, a shafa.

Haɗari dai haɗari ne, kuma babu mai jayayya da ƙaddara. To amma malamai ba su taɓa cewa tawakkali ya hana mutum ɗaure raƙuminsa ba. Tayar da ta fashe tsakanin Madawa da Gidan Rumji tana da shekarar haihuwa, tana da ƙasar da aka ƙera ta dominta, akwai wanda ya yi odarta, akwai wanda ya buga mata hatimi a kan iyaka, akwai wanda ya sayar, akwai wanda ya ɗaura, akwai kuma wanda ya sa hannu a takardar da ta ce motar lafiyarta lau. Waɗannan mutane duka suna da suna da adireshi, kuma babu ɗayansu da ake kira ƙaddara.

Yana da kyau a tuna inda abin ya samo ƙarfi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saye sefa 50 ya koma 100. Cikin dare ɗaya duk wani kaya da ke fitowa daga Turai ya ninka kuɗi, a daidai lokacin da ma'aikacin gwamnati ke bin bashin albashin watanni. Sabuwar mota ta zama mafarki, sabuwar taya ta zama kayan alhazai. Sai tashar jirgin ruwan Kwatano ta buɗe baki, motocin gwanjo suka yi ta kwararowa ta Gaya, cikinsu da bayansu cunkushe da tsofaffin tayoyi da kayan gyara. Maƙwabciya Najeriya ma ba ta kawo ɗauki ba, domin masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop da ke Legas ta bi sahu a 2008. Ko da aka rufe gadar Gaya bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ce kawai ta sauya, kayan suna nan yadda suke.

Can Turai kuwa lissafin a fili yake. Wata dokar Tarayyar Turai ta 1999 ta hana zubar da taya sukutum a juji tun daga 2003, ta kuma hana zubar da yankakkiya daga 2006. Wato tsohuwar taya ta zama nauyi a wuyan mai ita, sai an biya kuɗi kafin a rabu da ita. Ana cikin haka sai ga baƙo daga Afirka ya zo da kuɗinsa a hannu yana roƙon a sayar masa. Wane mai gareji ne zai ƙi? Abin da zai biya a kwashe masa, ga wanda zai biya shi ya kwasa. Kuma domin a rage kuɗin kwantena, akan cusa taya cikin taya, biyu ko uku a ramin guda, a danne su da ƙarfi makonni a kan teku. Wayoyin ƙarfen da ke cikin jikin taya da bakinta ba a yi su domin lanƙwasa irin wannan ba, kuma idan sun karye daga ciki ido ba ya gani. A kasuwa za a wanke ta, a shafa mata baƙin mai ta yi ƙyalli, a jingina ta a bakin rumfa.

Akwai abin da ya fi wannan ban takaici, kuma yawancin masu saye ba su san da shi ba. A ƙasashe irin su Jamus da Ostiriya mai mota yana da tayoyi kashi biyu, na rani da na hunturu. Tayar hunturu an haɗa robarta da laushi musamman domin ta kama hanya idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, kan ƙanƙara da dusarta. Ana gane ta da hoton dutse mai ƙololuwa uku da ɗigon ƙanƙara a tsakiya, galibi tare da haruffan M+S, da kuma ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan haƙoranta. A Ostiriya doka ba ta lissafa ta a matsayin tayar hunturu idan zurfin zanenta ya gaza milimita 4, saboda haka ake cire ta tun da sauran haƙora. Wannan sauran haƙoran shi ne ke ruɗin mai saye a Katako ko a kasuwar Maraɗi: ya zura yatsa, ya ji zurfi, ya ce ya yi tsintuwa. Robar da aka yi domin ƙanƙarar Turai ita ce za a ɗora wa kaya a bi da ita hanyar Tawa zuwa Agadas da tsakar rana. Tana narkewa da wuri, tana tsawaita tafiyar birki, tana tara zafi a cikinta.

Abin mamaki shi ne taya ba ta ɓoye komai. Duk tarihinta a rubuce yake a gefenta, sai dai a ƙasar da ta cika da masu digiri ba a koya wa kowa karanta shi ba. A nemi haruffan DOT, a bi layin har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2315 na nufin mako na 23 na shekarar 2015. Idan lambobin uku ne kacal, to an ƙera ta kafin shekarar 2000, ta girmi yaron da ke ɗaura ta. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, tana bushewa, tana tsattsagewa, rana da zafi kuma suna gaggauta mata. Wasu kamfanonin mota, har da Ford, suna ba da shawarar a cire taya idan ta shekara 6. Michelin da kansa, wanda cinikinsa ke nan, ya ce bayan shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, idan ta kai 10 a jefar ko da zanenta bai taɓu ba. Mai karatu ya ƙiyasta abin da ya dace da Damagaram.

Sai kuma sauran rubutun, misali 195/65 R15 91H. Lamba ta farko faɗin taya ce da milimita, ta biyu tsayin gefenta a kan kashi ɗari na faɗin, 15 kuma girman rim da inci. Waɗannan ukun kowane mai faci ya haddace su, domin da su ake sanin ko taya za ta shiga. Na ƙarshen, wato 91H, shi ne ba mai kallo, alhali kuwa a nan rai yake. Lambar 91 na nufin tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 615, harafin H kuma iyakar gudunta ne. Lambar 96 kilo 710 ce, 106 kuma kilo 950.

A ɗauki Hiace, motar da talakan ƙasar nan ya fi shiga, wadda ake wa kujeru 19. Tayar da ta dace da ita tana ɗauke da harafin C bayan girman rim, alamar an ƙarfafa jikinta domin kaya, kuma irin mai lamba 106 guda huɗu suna ɗaukar kilo 3,800. Motar da kanta ta kusa tan 2 ba kowa a ciki. A zuba mata mutum 19, a ce kowane kilo 65, an sami kilo 1,235, jimla ta haura 3,200 tun ba a ɗora buhun gero ko na albasa ɗaya a sama ba, balle babur da akuya. Yanzu a ce mai motar ya je kasuwa ya ga tayar ƙaramar mota mai lamba 96, rim ɗinta 15, ta shiga daram, kuɗinta kuma da sauƙi. Huɗunta kilo 2,840 suke ɗauka, a ranar da suka fito daga masana'anta. An wuce iyakarsu tun motar ba ta bar tasha ba, kuma nauyin ba raba daidai yake ba, ƙafafun baya ne ke shan mafi yawa. Wannan lissafi ɗan firamare zai yi shi a kan allo. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da ke karɓar kuɗin lodi a kowace tasha ba su taɓa yin sa ba?

Masu wannan kasuwanci suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa talaka ba shi da kuɗin sabuwa, idan aka hana gwanjo motoci za su tsaya, kuɗin mota zai tashi, dubban matasa masu faci da dillanci za su rasa abinci. Suna ƙarawa da cewa gwanjon babban kamfani ya fi wata sabuwar taya mai araha marar asali. Maganar ƙarshen nan tana da ƙamshin gaskiya: taya mai shekara 3 da aka ciro daga motar da ta yi karo ta gaba, jikinta lafiya, tana iya fin sabuwar da ba a san wanda ya ƙera ta ba. Ba wanda ya ce duk tsohuwar taya guba ce. Abin da ake cewa shi ne a cikin kwantena guda akwai mai shekara 3, akwai mai 13, akwai ta hunturu, akwai wadda ta taɓa tafiya ba iska har jikinta ya ƙone daga ciki, kuma duk kuɗinsu ya danganta ne da ƙyallin da suka yi a rumfa. Wanda ya san bambancin shi ne mai sayarwa, ya kuma yi shiru. Cinikin da ɗaya ya san aibin kaya ya ɓoye wa ɗaya yana da suna a wurin malamai da wurin alƙalai, kuma alhazan da ke wannan harka sun san sunan.

Batun araha kuwa, ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa araha ba ta ado. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana fitowa da zane mai zurfin kusan milimita 8, iyakar da dokar Turai ta yarda a taka kuwa 1.6 ce. Ke nan abin da ake ci a jikin taya bai wuce milimita 6 da ɗoriya ba. Wanda ya sayi gwanjo mai milimita 4 ya sayi saura 2 da ɗan kai, wato kusan sulusi. Idan ya biya rabin kuɗin sabuwa, shi aka ci. Ma'aikacin da ke sauya gwanjo sau uku kafin maƙwabcinsa ya sauya sabuwa sau ɗaya, ga kuɗin faci, ga ranakun da ya makara ofis, bai yi tattalin komai ba, kawai ya raba hasararsa kashi-kashi ne yadda ba za ta yi masa zafi a wata ɗaya ba. Da bankuna da ƙungiyoyin ma'aikata da ke ba da bashin babur da na ragon layya za su ba da bashin taya huɗu a riƙa cira a albashi, da rabin gardamar nan ta mutu.

Daga rumfar mai saye sai gindin bishiyar mai faci, inda ake ƙarasa abin da Turai ta fara. Nan ne ake ɗaukar wuƙa mai zafi a sake yanka zane a jikin tayar da ta yi sanƙo. Akwai manyan tayoyin kamiyo da aka ƙera da kaurin roba domin a sake yanka su, kuma an rubuta haka a gefensu. Tayar ƙaramar mota ba ta da wannan kauri, wuƙar tana isa ga waya ne kai tsaye. Nan ne ake faci a gefen taya, wurin da ke lanƙwashewa a kowane juyi, inda babu facin da ke riƙewa. Nan ne ake auna iska da bugun sifana ko da dunduniya. Iska kuwa ita ce ke ɗaukar mota, roba riƙe ta kawai take yi. Idan ta yi ƙaranci, gefen taya yana ta motsi, motsin yana haifar da zafi, zafin yana raba roba da waya, sai ɓawon ya kwaɓe gaba ɗaya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ana kuma auna shi da safe tun taya tana da sanyi. Direban da ya tsaya a Ƙwanni da azahar ya ga iska ta hau, ya rage ta wai kada ta fashe, shi ne ya shirya fashewar da hannunsa.

Kada a ɗauka wannan camfin makanikai ne. A shekarar 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, bayan da aka ga suna kwaɓewa a ƙarƙashin motocin Ford Explorer, motocin suna kifewa, mutane fiye da 200 suka mutu. Abin ya fi tsanani a jihohin kudu masu zafi, an kuma ga irinsa a Saudiyya da Benezuwela. Majalisar dokokin Amurka ta kira shugabannin kamfanonin biyu ta titsiye su, ta yi sabuwar doka a shekarar, wadda daga baya ta wajabta sa na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motoci. Sababbin tayoyi ke nan na babban kamfani, zafi da ƙarancin iska suka tona asirinsu. A nan kuwa, taron ƙasa na 1991 ya zo ya wuce, jamhuriya ta bi jamhuriya, soja ya karɓa ya bayar ya sake karɓa, kowace gwamnati da ministanta na sufuri, amma ɓawon roba yana nan a gefen hanya.

Sifirin da shokazoba ma labarin ɗaya ne. Mai motar haya yana sayen mota, kafin ta ɗauki fasinja na farko sai ya kai ta wurin maƙeri a ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku a baya, domin kada ta zauna idan an yi lodi. Motar ta daina zama, gaskiya ne. Amma ƙarin sifirin bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya lamba ba, abin da ya yi kawai shi ne ya ɓoye alamar da ke nuna kaya sun yi yawa, ya kuma ɗaga motar sama yadda kifewa za ta zo mata da sauƙi a kwana. Shokazoba kuwa aikinta ta danne taya a ƙasa. Idan manta ya tsiyaye, taya tana tsalle a kan hanya mai gargada, kuma taya da ke sama ba ta jin birki ba ta jin sitiyari. Ana sauya su bibbiyu ne, hagu da dama tare. A nan sai a sayo guda ɗaya ta gwanjo, a matsa ta da hannu a ce da sauranta. Haka rim: ramukan notin ƙananan Toyota da yawa suna kan da'irar milimita 100, na Peugeot 108, sai a sa zarto a faɗaɗa rami har ya shiga, a ɗaure noti da dogon bututu yaro ya hau ya yi tsalle a kai. Ƙarfen da aka ja fiye da ƙima ba ya faɗin ranar da zai tsinke.

Wani kuskure da har masu ilimi ke yi: idan kuɗi bai kai na huɗu ba aka sayi biyu, sai a sa sababbin a gaba. Masu ƙera taya sun ce a baya ake sa su, domin idan gaba ta zame direba yana da sitiyari a hannu, idan baya ta zame kuwa motar juyawa take yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a hanyoyin duniya a 2021, kuma Afirka, mai kusan kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya, ita ke da kusan kashi 19 na gawarwakin. Ba taya ce kaɗai ta kashe su ba. Akwai gudu, akwai barci, akwai ramuka. To amma a cikin waɗannan duka, taya ce abin da jami'i zai iya dubawa yana tsaye, cikin minti ɗaya, ba tare da na'urar ko dala ɗaya ba.

A nan ne maganar ta dawo kan ma'aikatan gwamnati, domin su ne masu hatimi. Doka ta wajabta wa mota takardar bizit. Tsakanin Yamai da Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, mota tana tsayawa a shingen ƴan sanda, na jandarmomi, na duwan da na masu karɓar kuɗin hanya. A kowane shinge karen mota yana sauka da takardu a hannu, ya ruga, ya dawo. Ta yaya motar da wayar tayarta ke leƙowa take ɗauke da takardar da ta ce an duba ta? Wa ya duba? Da wane ido? Ƙungiyar UEMOA tun 2005 ta kafa ƙa'ida mai lamba 14 a kan nauyin da manyan motoci za su ɗauka, aka yi ta taro a kanta shekara da shekaru domin kwalta kuɗi ce ta masu ba da lamuni. Fasinjan Hiace bai sami ko taro ɗaya ba. Najeriya ta sa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci cikin jerin kayan da ta haramta shigowa da su, kuma duk ɗan Maraɗi ya san abin da hani irin wannan ke jawowa: kayan su sauka a wannan gefen iyaka su jira dare. Saboda haka hani na baki ɗaya ba zai haifar da komai ba illa sabon farashin cin hanci.

Abin da ake bukata ya fi haka sauƙi, shi ya sa rashin yin sa ya fi zama abin kunya. Ma'aikatar kasuwanci da ta sufuri su sa hannu a takarda guda: kada duwan ta saki tayar da lambarta ta nuna ta haura shekara 5, ko mai hoton dutse da ƙanƙara, ko wadda aka cusa cikin wata, ko wadda aka kankare lambarta. Wanda ya yi odar irinsu ya mayar da kuɗinsa. A rage harajin sabuwar taya mai harafin C, domin abin da baitulmali zai rasa a nan bai kai abin da asibitocin Doso da Maraɗi ke kashewa a kan karyayyun ƙasusuwa ba. Hukumar ANISER, wadda aka kafa domin kiyaye haɗurran hanya, ta tara masu faci gari-gari ta koya musu karatun lambobi huɗun nan da Hausa da Zabarmanci, ta ba kowane geji. Motar haya kuma kada ta fita tasha sai wakilin ƙungiyar direbobi, wanda dama yana tsaye a bakin ƙofa yana karɓar kuɗin lodi, ya sunkuya ya karanta ƙafafunta huɗu da ta safiya, ya rubuta lambobin a bayan takardar fasinja, ya sa hannu da sunansa.